Kafin Ka Ce a Ɗaura Maka Fanka Dairek: Yadda Ƙwaƙwalwar Mota Ke Sarrafa Fankar Lagireto

Daga Fabrairu zuwa Maris, idan hazon hunturu ya janye zafi ya sauka a Kumasi, da wuya rana ta faɗi a Suame Magazin, unguwar makanikai, ba a kawo mana motar da ta yi zafi ba. Kwanakin baya wani dattijo daga Asawase ya shigo da wata mota hom yus, wato tsohuwar da aka shigo da ita daga waje, da yake haya da ita, allurar zafi ta kusa taɓa ja tun daga cunkoson shataletalen Suame. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Masta, don girman Allah ka ɗaura mini fankar nan dairek in koma aiki." Na ce, "Baba, zauna ka sha ruwa. Ba ni rabin awa, in ban ga abin da ke damunta ba sai mu sake magana."

Dairek shi ne a jawo waya daga makulli ko batir kai tsaye zuwa fanka, ta yi ta gudu da iyakar ƙarfinta muddin mota na kunne. Sau da yawa a kan haɗa da cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai injin ya yi zafi, a jefar, wai ai na ƙasashen ƙanƙara ne. Na sha ganin inda wannan aiki ke ƙarewa: mota ta koma shan mai kamar rijiya, fanka ta ƙone cikin 'yan watanni, waya ta narke saboda ba a sa mata fiyus ba, ainihin cutar kuma tana nan kwance ba a taɓa ta ba. Garin neman gira aka rasa ido. Abin yana damuna ƙwarai, domin mafi yawan masu wannan roƙo talakawa ne da motar ke ciyar da iyalinsu.

Wa ke ba fanka umarni?

Abu na farko da ya kamata mai mota ya yarda da shi: injin ba ya son sanyi. An ƙera shi ne ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 85 zuwa 105. Tamostat ɗin motocin Toyota da yawa sai wajen digiri 82 yake fara buɗewa. Murfin lagireto yana riƙe matsin 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, kuma wannan matsi, tare da ruwan sanyaya injin da aka gauraya daidai, shi ke hana tafasa har sama da digiri 120. Idan injin ya zauna da sanyi, ƙwaƙwalwar mota, wadda a nan muke ce wa kwantirol bod, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce birenbos, za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, injin ya tsufa da wuri. Saboda haka fankar da ke tashi tana tsayawa lafiyarta lau. Wadda ba ta hutawa ita ce abin tuhuma.

A tsofaffin motoci lamarin ba shi da wahala. Akwai wani ɗan makunni a jikin lagireto da ke haɗa wuta da kansa idan ruwa ya yi zafi, ya ja rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke ja don ya saki babba, fanka ta tashi. Daga baya aka miƙa wa ƙwaƙwalwa ragamar, aka kuma yi wa fanka gudu biyu. Wasu motocin razista ake sa wa a hanya don a rage wuta a samu ƙaramin gudu. Wasu masu fanka biyu, kamar Toyota da dama, rile uku ke aikin: a ƙaramin gudu a jera fankokin a layi ɗaya su raba folt 12 a tsakaninsu, kowace ta samu kusan 6, a babban gudu kuma a ware su kowace ta sha 12 ɗinta. Ka riƙe wannan, domin a irin wannan tsari idan fanka ɗaya ta mutu, ƙaramin gudu yakan ɓace wa duka biyun.

Na zamani kuwa babu maganar gudu biyu. Akwai ɗan akwati mai haƙarƙarin alminiyam a jikin firam ɗin fanka, kamar yadda ake gani a Camry da Highlander masu silinda shida da motocin Volkswagen, ko kuma a cusa shi cikin motar fankar kanta, wato injin lantarkin da ke juya fukafukanta, kamar na Mercedes da BMW. Shi muke kira modul. Wayoyi biyu masu kauri na shiga cikinsa, ɗaya daga batir ta hanyar babban fiyus, ɗaya kuma wayar jiki ce mai komawa ƙarfen mota. Sai siririyar waya guda daga ƙwaƙwalwa, wani lokaci da ta huɗu daga makulli.

A kan siririyar wayar nan gizo ke saƙar. Ba wutar juya fanka take ɗauke da ita ba, saƙo ne. Ƙwaƙwalwa tana kunna ta tana kashe ta sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ake kira PWM. Ɗauki misalin famfon unguwa: in ka buɗe shi daƙiƙa ɗaya ka rufe daƙiƙa ɗaya, bokiti zai cika da rabin sauri. In ka buɗe daƙiƙa tara ka rufe ɗaya, kusan kamar a buɗe yake. To modul yana duba kashi nawa cikin ɗari na lokaci saƙon yake a kunne, ya juya fanka gwargwadon haka. A motocin Jamus da yawa kashi 10 na nufin "tsaya, amma ina nan", kashi 90 kuma na nufin "ba shi wuta duka". An bar sifili da ɗari a gefe da gangan, domin modul ya iya bambance umarni da tsinkewar waya. Shi ya sa a irin waɗannan motoci idan saƙo ya ɓace, fanka ke tashi da ƙara kamar jirgi zai tashi: modul ne ke kare injin tunda ya daina jin muryar maigidansa. Wasu sababbin motoci ma sun wuce nan, suna magana da modul ta layin LIN, wato waya guda da saƙo ke kai-komo a kanta, inda shi ma yake mayar da rahoton lafiyarsa.

Dalilin wannan wahala duka shi ne wuta. Babbar fanka na cin wat 400 zuwa 600, wato am 30 zuwa sama da 40, nauyi ne babba a wuyan altaneta. Amma idan aka rage gudunta zuwa rabi, wutar da take buƙata na iya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Wanda ya ɗaura dairek ya zubar da wannan rangwame gaba ɗaya.

Ita kuma ƙwaƙwalwa ba zafin ruwa kaɗai take dubawa ba. Tana duba matsin gas ɗin esi, domin kondansa, wato lagireton esi, na gaban lagireto kuma iska ɗaya suke sha. Tana duba gudun mota, domin in ka miƙe hanyar Techiman iskar da ke shigowa ta gaba ta fi ta fanka, sai ta kashe ta. A wasu motocin tana duba zafin man giya. Wasu kuma suna barin fanka ta ci gaba da juyawa na 'yan mintuna bayan an zare makulli.

Bin sawun cutar

Wannan magana ta ƙarshe gargaɗi ce. Fankar nan na iya tashi mota a kashe. Kada ka sa hannu cikin fukafukanta sai ka cire kan batir na baƙar waya, ka cire zobe da agogo, kuma kada ka kusanci murfin lagireto injin na da zafi. Na ga yaron shago da tururi ya saɓule wa fatar hannu, ba abin da zan so wa kowa ba ne.

Mataki na farko baki ne, ba sifana ba. Tambayi mai mota yaushe take zafi. In a cunkoson Kejetia ko Tafo allura ke hawa, amma da an samu hanya ta sauka, to zargi ya faɗa kan fanka. In kuwa a kan babbar hanyar Accra take zafi, ko a hawan tudu da kaya, ka bar fanka ta huta, ka nemi toshewar lagireto, famfon ruwa, tamostat da ya maƙale ko gaskit ɗin kan injin. Tambayar nan kaɗai ta isa ta hana ka ɓata yini guda.

Na biyu, injin na sanyi, duba ruwa da robar murfi, ka leƙa tsakanin kondansa da lagireto. Ƙurar hunturu da ledar ruwa da ganye kan taru a nan su zama kamar tabarma. Batir a cire, juya fanka da yatsa. Ya kamata ta juya sumul, ba gurnani ba girgiɗi.

Na uku shi ne mashin ɗin gwaji, kuma a nan nake so mu daɗe. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Kafin ka tayar da injin da ya kwana, kunna makulli ka karanta zafin ruwa. Dole ya yi kusa da zafin gari, kuma ya yi kusa da abin da sensar iskar shiga ke faɗi. In safiyar Kumasi ce, wajen 24 zuwa 28 za ka gani. In ka ga -40, waya ta tsinke ko soket ya zare. In ka ga adadin da ya wuce hankali, sama da 130 a injin mai sanyi, waya ta taɓa jiki. Wanda ya fi wahalar kamawa shi ne sensar da ke ƙarya kaɗan kaɗan: injin na digiri 105 ita tana cewa 85, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da dalilin kiran fanka, kuma ba lallai fitilar gargaɗi ta kama ba.

Ita sensar zafin ruwa ba wani abin mamaki ba ce. Ƙwaƙwalwa na aika mata folt 5, ita kuma juriyarta na raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. A motocin Japan da na Turai da yawa za ka samu om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauka zuwa wajen om 300 a digiri 80. Za ka iya gwada ta da mita da butar shayi: tsoma bakinta cikin ruwa kana ɗumama shi, ka ga lambar na sauka a hankali ba tsalle. In ta yi tsalle ko ta ɗauke, ta gama yawo.

Daga nan karanta lambobin laifi. P0115 zuwa P0119 na sensar zafin ruwa ne, P0480 da P0481 na layin umarnin fanka ta ɗaya da ta biyu, P0128 kuma na nufin injin ya kasa kaiwa zafin da ya kamata, lambar da ke tona asirin wanda ya cire tamostat. Amma lamba unguwa take nuna maka, ba gida ba. P0480 bai ce modul ya mutu ba, cewa ya yi akwai matsala tsakanin ƙwaƙwalwa da shi. In mashin ɗinka na iya ba da umarni, sa shi ya tayar da fanka a kashi 30, sannan 60, sannan 90, kana saurare. In ta bi umarni daki daki, to fanka da modul da wayoyinsu lafiya suke, ka koma kan abin da ake gaya wa ƙwaƙwalwa.

In babu mashin, akwai dabaru biyu. Kunna esi: a yawancin motoci fanka za ta tashi cikin ƙanƙanen lokaci, muddin akwai gas kuma kwamfireso na kamawa. Ko ka zare soket ɗin sensar zafi injin na aiki: motoci da yawa za su tayar da fanka da ƙarfi don kare kai. Fitilar gargaɗi za ta kama, sai a goge ta daga baya.

Na huɗu, wuta da jiki. Duba babban fiyus, mai am 30 zuwa 60 gwargwadon mota, da mita ba da ido ba. In rile ne, lambobin ƙafafunsa a rubuce suke: 85 da 86 na naɗin da ke jan sa, 30 da 87 na hanyar babbar wuta. Musanya shi da wani irinsa sak daga cikin akwatin ka gani. Sai dai kuskuren da yaran shago suka fi yi shi ne su zare soket, su ga folt 12 a mita, su ce wuta na zuwa. Silin waya guda ɗaya da ya rage bai tsinke ba zai nuna maka 12, amma ba zai ɗauki am 30 ba. Gwajin gaskiya sai fanka na ƙoƙarin aiki, soket a haɗe: sa ƙafar mita ɗaya a kan batir, ɗaya a bayan soket a kan waya mai kauri, ka karanta abin da ya ɓata a hanya. Ka yi haka a ɓangaren wuta, ka sake yi a ɓangaren jiki. Duk abin da ya haura rabin folt, akwai tsatsa ko sako-sako a wani wuri.

A nan motar Baba ta faɗi gaskiya. Ɓangaren jiki ya nuna kusan folt 3 na ɓacewa. Na bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a ƙarfen gaba kusa da fitila, sai ga kan wayar zaune a kan sabon fenti, ƙusar kuma ta yi ja da tsatsa. Motocin da ake saukewa a Tema da yawa an buge musu gaba tun can, a nan ake miƙe su a fesa fenti, mai fenti kuwa ba ruwansa da inda wuta ke bi. Muka kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka sa sabuwar ƙusa, muka shafa giris a sama. Modul ɗin da Baba ya zo da niyyar a tsallake, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Na biyar, siririyar wayar saƙo. Kada ka taɓa ta da fitilar gwaji mai ƙwan zare, wutar da take ja na iya ƙona hanyar da ke cikin ƙwaƙwalwa, gyaran 'yan sidi kaɗan ya koma na dubbai. Yi amfani da mita mai alamar kashi cikin ɗari ko Hz. Kuma ka auna soket na haɗe, ta baya, da siririn tsinke, domin a tsari da yawa modul ne ke ɗora wuta a kan layin, ƙwaƙwalwa kuma tana jan sa zuwa jiki. In ka zare soket ba za ka ga komai ba, ka ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin da ba nata ba. Abin da kake nema shi ne sauyi: kunna esi, lambar ta motsa. In ta motsa, wuta da jiki kuma lafiya, fanka ba ta tashi ba, to yanzu kana da hujjar zargin modul ko motar fanka. In ba ta motsa ba, bi wayar zuwa ƙwaƙwalwa, musamman inda ta ratsa kusa da lagireto ko ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ke cin roba.

Na shida, bambance modul da motar fanka. In modul ɗin daban yake, motar kuma mai waya biyu ce, za ka iya ba ta wuta daga batir ta wayar da ke da fiyus ka gani. Ka auna abin da take ja da mita mai maƙata. Motar fankar da gawayinta mai kai wuta ciki ya cinye ko boris ɗinta ya kama tana jan wuta fiye da ƙima, kuma ita ce ke kashe modul. In ka sa sabon modul a kan tsohuwar motar fanka mai ciwo, gyaran gangar Auzinawa ka yi, sati biyu mai mota zai dawo. Ita kuwa fankar da ba ta da gawayi, mai modul a cikinta, ba ta da hanyar dairek ko kaɗan. In ba saƙo, ko ta ƙi motsi ko ta tashi da iyakar ƙarfi, kuma in ka juya mata wayoyin wuta tana iya mutuwa nan take.

In ta kama a saya

Tafi da tsohon a hannunka. Kamannin soket ba hujja ba ce, lambar da ke jikin kayan ita ce hujja, domin modul biyu na iya yin kama kamar tagwaye amma yaren saƙonsu ya bambanta. Duba ƙafafun soket: in sun yi baƙi ko robar ta narke, a canza har da na ɓangaren mota, in ba haka ba zafin zai dawo. Ni na fi natsuwa da hom yus na asali da aka gwada a gabana fiye da sabo marar suna mai arha. Ka kuma tabbata iska na bi ta kan haƙarƙarin alminiyam ɗin, kada a naɗe shi da leda wai don ruwa. Ruwan da ke kashe shi galibi na wajen wankin mota ne, inda ake ɗora masa bakin tiyo mai ƙarfi injin na da zafi, sai kuma ambaliyar damina ga masu kutsawa cikin ruwa a wajejen Aboabo.

Wani zai ce, to in dare ya yi mini a hanyar Kintampo fa? Kashe esi, kunna hita zuwa ƙarshe don ta janye zafi, ka samu wuri ka tsaya. In motarka mai rile ce kuma ka san abin da kake yi, haɗa 30 da 87 da waya mai kauri ya halatta har ka isa gari, tunda fiyus na nan a layin. Da ka tsaya ka cire ta, in ba haka ba batir zai kwana a mace.

Bayan kowane gyara, a mayar da tamostat in an cire shi, a zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya maimakon ruwan rijiya mai barin tsatsa da farar ƙasa, sannan a fitar da iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in kumfar iska ta tsaya a bakin sensa, ba zafin ruwa za ta karanta ba, sai fanka ta makara. Ɗaga gaban motar kaɗan, buɗe hita, ka bar injin na aiki kana matsa babban tiyo har kumfa ta daina fitowa.

Sai gwajin ƙarshe, wanda ba a yi masa gaggawa. Esi a kashe, mashin a haɗe, mota a tsaye. Ni da Baba muka tsaya muna kallon lambar tana hawa, 88, 92, 95. Tiyon ƙasa ya ɗau zafi, alamar tamostat ya buɗe. Wajen 97 fanka ta motsa a hankali, da ƙyar ake jin ta, lambar ta fara sauka, bayan ɗan lokaci ta tsaya cik. Baba ya zabura ya ce, "Masta, ta sake mutuwa!" Na ce, "A'a Baba, hutawa take yi, jira ka gani." Muka jira ta sake tashi, ta sake tsayawa, har sau uku. Na kunna esi, muryarta ta ƙaru nan take. Na ce masa gobe da asuba, kafin ya tayar da ita, ya duba ruwan da ke cikin robar ajiya, in ya sauka ƙasa da layi ya cika, in ya sake sauka jibi ya dawo mini da ita.